Kurakuran da masu farautar akwatin jiyokashin suka fi yi wajen loda bayanai a na'ura

Jiyokashin wasan farauta ne. Wani zai ɓoye ɗan akwati da takardar sa hannu a ciki, ya wallafa lambobin wurin a shafin Geocaching.com, kai kuma ka ɗauki na'urar GPS ko wayarka ka fita nema. Wasan ya faro ne a Amurka. Ranar 2 ga Mayun 2000 gwamnatin ƙasar ta daina rage wa farar hula ingancin siginar GPS, washegari kuma Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon ya ce a nemo.

A Turai mutum zai iya rasa akwati ɗaya ya taka 'yan mituna ya sami wani. A Legas ba haka abin yake ba. Akwatunan ba su da yawa, kuma wanda ya taso daga Agege ko Mile 12 ya nufi Lekki ya san abin da ya kashe na mota da abin da ya sha na cunkoso. Idan ya isa ya tarar bayanan da ke cikin na'urarsa gurɓatattu ne, yininsa ya tafi a banza. Yawanci na'urar ake ɗora wa laifi, alhali ɓarnar tun a gida aka yi ta, kafin a sa takalmi.

Lambobin wuri

Nan aka fi yin asara. Masu jiyokashin suna rubuta wuri da digiri da minti mai ɗigo, kamar haka: N 06° 27.000 E 003° 24.000, wanda ya faɗa wajajen tsibirin Legas. Google Maps kuwa ya fi nuna digiri zalla mai ɗigo, wato wannan wurin dai zai fito 6.45 da 3.40. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba. To sai ka ga mutum ya kalli 06° 27 ya rubuta 6.27 a wayarsa, ya ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne: 6.27 daidai yake da digiri 6 da minti 16 da ɗoriya. Kowane minti na kudu da arewa kusan mita 1,850 ne, saboda haka ya gusa kudu da kimanin kilomita 20, kibiyarsa tana nuna masa tsakiyar teku.

Wannan ma da sauƙi, domin duk mai hankali zai gane ba a ɓoye akwati a cikin teku. Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne ruɗa minti mai ɗigo da minti da daƙiƙa. 27.300 da 27' 30" sun yi kama a ido, amma tsakaninsu akwai kusan mita 370. Mutum zai isa unguwar da ta dace, ya yi ta leƙa gindin bishiyoyi da bayan katanga a layin da ba shi ba, har masu shago su fara tambayarsa, “Malam, lafiya?”

Gyaran ba wuya. Shiga saitin na'urar, ka mayar da tsarin lambobi zuwa hddd°mm.mmm', ka bar shi a nan. A wuri guda za ka ga ma'aunin taswira, wanda dole ya zama WGS 84. Wannan ya fi shafar wanda ya sayi na hannu a Computer Village ta Ikeja, domin irin waɗannan na'urori sukan fito daga hannun ma'aikatan safiyo, su kuma sukan yi aiki da wani ma'aunin daban mai suna Minna ko tsarin lambobi na UTM. Idan ka buga lambobin WGS 84 da hannu a na'urar da ke kan Minna, za ta kauce da kai da mitoci masu yawa ba tare da ta ce maka uffan ba. Ka kuma duba harafin E. Legas tana gabas da layin Greenwich. Idan W ya maye gurbinsa, ka koma ƙasar Kwaddibuwa.

Abin da ya fi duka dai shi ne ka daina buga lambobi da yatsa in ba dole ba. Sauke fayil ka loda.

Wane fayil, kuma ina za a sa shi

Fayil iri biyu aka fi cin karo da su, LOC da GPX. LOC taƙaitaccen bayani kawai yake ɗauke da shi, kamar sunan akwati, lambarsa mai farawa da GC, da lambobin wuri. GPX shi ne cikakke: bayanin mai akwatin, girmansa, wahalar nema da wahalar hanya daga 1 zuwa 5, ɗan hasken da aka bayar, da rahoton waɗanda suka je kwanan nan. Wanda ya loda LOC ya fita, ya fita ne bai san ko akwatin ya kai gwangwanin madara ko bai wuce kan ɗan yatsa ba.

Masu biyan kuɗin rajista a shafin Geocaching.com suna da tsarin Pocket Query, wanda ke tattaro akwatuna har 1,000 a lokaci guda. Yana zuwa ne a dunƙule cikin zip, kuma da yawa sukan jefa zip ɗin haka nan cikin na'urar GPS ta Garmin su cire kebul. Sai an kwance shi tukuna. A ciki galibi za ka ga fayil biyu, ɗaya na akwatunan, ɗaya mai “wpts” a ƙarshen sunansa. Kada ka yar da na biyun. Shi ke ɗauke da ƙarin wurare irin su inda za a ajiye mota da matakan akwati mai zango-zango. Duka biyun foldar GPX da ke cikin foldar Garmin za su shiga, ko a cikin na'urar ko a kan memori. In ka ajiye su a wani wuri daban, na'urar ba za ta duba can ba.

Idan kwamfuta ta ƙi ganin na'urar kwata-kwata, fara zargin kebul. Da yawa daga cikin masu arha da ake sayarwa a bakin titi caji kawai suke yi.

Tsohon bayani

Legas ba ta zama yadda ka bar ta. Inda yake fili bara, bana an zagaye shi da kwano an fara gini. Ruwan Yuni da Yuli yakan tafi da abin da aka saƙala a kusa da kwata, masu shara su kwashe sauran. Fayil ɗin da ka sauke wata shida da suka wuce ba ya sabunta kansa, zai ci gaba da nuna maka akwatin da mai shi ya dakatar ko ya soke tuntuni. Saboda haka ka sauke sabo a daren da za ka fita, ka karanta rahotannin ƙarshe. In mutum uku a jere sun rubuta ba su samu ba, mai akwatin kuma bai ce komai ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kafin ka loda sabo, goge tsohon. Idan akwati ɗaya yana cikin fayil biyu, ba ka da tabbacin wanne na'urar za ta nuna maka. Ni ina ganin sa wa fayil suna da wuri da wata, kamar “Lekki-Yuli”, ya fi kowace dabara sauƙi. Mai akwatuna da yawa kuma yana iya tace su a kwamfuta da manhajar GSAK ko BaseCamp kafin ya tura. Wannan ya zama dole ga mai tsohuwar na'urar Garmin eTrex mai ruwan ɗorawa, wadda ba ta ɗaukar wuri fiye da 500 kuma take yanke suna a harafi shida, alhali lambobin GC na yanzu bakwai ne. Akwatuna biyu sai su zama masu suna ɗaya.

Akwai kuma akwatin wasa ƙwaƙwalwa, mai alamar tambaya. Lambobin da aka wallafa masa galibi ba nan yake ba; ainihin wurin yana iya kai kilomita 3 daga can. Sai ka warware tambayar, ka gyara lambobin a shafin akwatin, sannan ka sauke. Wasu sukan warware su rubuta amsar a takarda, su bar na'ura da lambobin farko, su bi kibiya.

Masu amfani da waya

Mutane da yawa sun ɗauka GPS na cin data. Ba ya ci, daga tauraron ɗan'adam yake karɓa kai tsaye. Abin da ke buƙatar data shi ne taswira da bayanin akwati. Don haka a manhajar Geocaching ko c:geo ta Android, ajiye akwatunan da taswirar yankin tun kana inda sabis yake da ƙarfi, sannan ka kashe data ka buɗe ka gani ko suna nan. Wannan gwajin na minti ɗaya ne, kuma shi zai cece ka a wajajen Epe ko Badagry. Mai na'urar hannu ya riƙe batiran AA na ko-ta-kwana, ya kuma kunna ta a fili ta yi 'yan mituna kafin ya fara tafiya, musamman in ta daɗe a ajiye.

Ko da bayananka sun yi daidai ɗari bisa ɗari, na'ura ba za ta ɗora hannunka a kan akwati ba. A fili takan kauce da mita 3 zuwa 5, a tsakanin dogayen benaye na Marina da Broad Street kuwa sigina na dukan gini ya dawo, sai kibiya ta yi ta juyawa. Idan ya rage mita goma, daina kallonta, buɗe ɗan hasken da mai akwatin ya bari ka karanta. Bayan ka samu, ka yi masa alama nan take. Garmin tana tara waɗannan alamomin a fayil mai suna geocache_visits.txt, wanda za ka ɗora a shafin in ka koma gida, ka goge shi daga na'urar bayan ka tabbatar ya shiga, don kada rahoton ya maimaitu a fita ta gaba.