Yadda za ka ɗaga darajarka ta manaja a gasar hoki ta intanet

A irin wannan gasa kwamfuta ce ke buga wasan, kai naka tsara ƙungiya ne. Daraja kuwa a hankali take hawa, kakar wasa bayan kakar wasa.

1. Fara da karanta dokokin gasar, musamman inda aka bayyana yadda ake ƙirga makin daraja. Kowace gasa da irin nata lissafin.

2. Tura jerin 'yan wasanka kafin wa'adi ya cika. Nan ne mafi yawan sababbi ke faɗuwa. A hokin ƙanƙara mutum 6 na kowace ƙungiya ke cikin fili: 'yan gaba 3, 'yan baya 2, sai gola. Wasa zango 3 ne, kowanne minti 20, kuma ana yawan sauya 'yan wasa, don haka kada ka cusa gwanayenka duka a layin farko (layi shi ne rukunin 'yan wasan da ke shiga fili tare) ka bar na uku fayau. Golanka ma ka riƙa hutar da shi.

3. Kada albashin ƙungiya ya wuce iyakar da aka sa.

4. In wani manaja ya kawo tayin musayar ɗan wasa, ba shi amsa da wuri, ko da a'a ce. Ni a ganina shiru ya fi shan kaye zubar da mutunci.

5. Lokacin zaɓen matasa, wato sa'ad da ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa, ɗauki wanda zai cike giɓin ƙungiyarka. In tafiya ta kama ka, sanar da shugaban gasar tun kafin ka tashi.