Yadda za a ƙarfafa kula da lafiyar bisashe kada cutarsu ta tsallako kan mutane

A watan Agusta na 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a Cintabaradan da Tasara, arewacin jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ya kuma kashe sama da mutum 30, akasarinsu makiyaya. Wannan cuta, wadda aka fara ganowa a Kenya a 1931, sauro ne ke yaɗa ta tsakanin bisashe, kuma takan fara nuna kanta a garke: tumaki da awaki su dinga ɓari, 'yan raguna su dinga mutuwa, sannan ta kama wanda ya taɓa jininsu ko mahaifarsu. Saboda haka duk wani gyara daga bakin garke ya kamata ya fara.

Matakin farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne a buɗe wa makiyayi hanyar kai labari. Kowace ruga da kowane ƙauye su samu mutum guda da aka horar, mai riƙe da lambar wayar likitan dabbobi na gunduma, wanda ya san alamomin da ba a kwana da su: ɓari da yawa cikin 'yan kwanaki, dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura, kaji na zubewa a tsakar gida, ko karen da ya canza hali yana cizo ba dalili. Amma a faɗi gaskiya, makiyayin da ya san cewa rahotonsa zai sa a rufe masa kasuwa ko a hallaka masa dukiya ba tare da diyya ba, shiru zai yi, ya kora garkensa gaba cikin dare. Don haka tilas a tanadi kuɗin diyya tun kafin annoba ta zo, a kuma jawo arɗo da sarkin fawa da dillalan kara cikin shirin, domin maganarsu ta fi takardar ofis shiga kunne.

Idan labari ya iso, sai a je, kuma a je da wuri. Ma'aikaci yana buƙatar babur da mai, da safar hannu, da akwatin ƙanƙara da zai ɗauko jini ko wani samfuri zuwa ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, wato LABOCEL, da ke Yamai. Samfurin da ya yini cikin zafin watan Afrilu a bayan mota ba zai faɗi komai ba.

Sai rigakafi. Allurar da ake yi wa garke kowace shekara takan yi amfani ne idan an adana maganin tsakanin digiri 2 zuwa 8, aka kuma bi makiyaya inda suke: bakin rijiya, kan burtali, da wurin taron lasar gishiri na Ingal a ƙarshen damina. Kada a manta da karnuka. Cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, alhali yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura yana yanke yaɗuwarta. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi likita nan take.

Daga nan a juya ga mayanka da kicin. A duba dabba da ranta, a sake duba huhu da hanta bayan an feɗe, kafin a buga wa nama hatimi. Al'adar nan ta hanzarta sa wuƙa ga saniyar da ke shure-shuren mutuwa don kada ta zama mushe, sannan a raba wa maƙwabta naman, ita ce babbar ƙofar ciwon saifa, wato anthrax. Dabbar da ake zargin wannan ciwo ya kashe ba a feɗe ta, ba a cire fatarta; ƙonawa ake yi ko a binne ta a rami mai zurfi, domin ƙwayar cutar tana iya shekaru da dama a cikin ƙasa tana jiran wani garke. Madara kuma a tafasa ta kafin a sha ko a kafa nono, saboda tarin fuka na shanu da bakale, cutar da ke sa dabbobi ɓari, suna bin ɗanyar madara.

Daga ƙarshe, a haɗa likitan dabbobi da na mutane a teburi guda, abin da ake kira tsarin Lafiya Ɗaya. Ba sai an jira babban taro a Yamai ba. Ya isa a ce kowane mako shugaban asibitin gunduma da jami'in kiwo su yi musayar abin da ke cikin rajistarsu, ta yadda idan aka ce tumaki na ɓari a wata rijiya, malaman asibitin yankin za su fara tambayar duk mai zazzaɓin da gwajin maleriya bai nuna komai ba ko ya taɓa jinin dabba cikin makon.