Yadda Malami Zai Koyar da Darasin Nukiliya da Fim ɗin A Is for Atom

A shekarar 1953 kamfanin General Electric na Amurka ya ɗauki nauyin wani fim ɗin katun mai tsawon kimanin minti 15, domin ya nuna wa jama'ar da ba su manta da Hiroshima ba cewa ƙarfin zarra yana da amfanin da ya wuce bam. Fim ɗin yana intanet kyauta, kuma har yau yana da amfani a aji, muddin malami bai kunna shi ya koma gefe ya zauna ba.

Ka fara kallonsa kai kaɗai, domin da Turanci ake bayanin, sannan ka tanadi kalmomin da za ka fassara. Kafin a kunna, zana zarra a allo: furoton da niyutiron a tsakiya, ilaktiron suna kewaye.

Inda ya fi cancanta a dakata shi ne wurin tsagewar yuraniyom. Tsayar da fim ɗin, ka bayyana cewa idan niyutiron ɗaya ya bugi ƙwayar yuraniyom-235, wato wani nau'in yuraniyom, takan rabe gida biyu, ta fitar da zafi da wasu niyutiron biyu ko uku, su ma su je su tsaga wasu. Idan aka sake wa wannan aiki linzami, bam ke nan. Idan aka sa sandunan da ke shanye niyutiron domin a rage masa sauri, sai zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin lantarki. Irin wannan yuraniyom bai kai kashi 1 cikin 100 na wanda ake haƙowa a wurare irin su Arlit a Nijar ba, shi ya sa ake tace shi.

Sashen fim ɗin da ke nuna amfanin zarra a magani da noma ba ya buƙatar dogon sharhi.

A ganina, babban nauyin malami yana zuwa ne bayan an kashe fim ɗin. Kamfanin da ya biya kuɗinsa yana da hannu a harkar nukiliya, don haka alheri ya fi fitowa fili, ba a tsaya kan sharar da ke daɗewa tana fitar da tururin guba ba. Ka ba ɗalibai labarin haɗarin tashoshin nukiliya na Chernobyl a 1986 da Fukushima a 2011, sannan ka tambaye su wace magana za su ƙara da a ce su ne za su sake shirya fim ɗin yau.