Yadda za ka sa tayar motarka ta riƙa sheƙi kamar jiƙaƙƙiya

Gaskiya ko an wanke mota fes, in taya ta dusashe ta koma ruwan ƙasa to wankin bai cika ba. Wannan launin ba datti ne kaɗai ba, wani sinadari ne da ake sawa a cikin roba don kar ta tsattsage, shi ke tasowa waje ya haɗu da iska.

Wanki ne kan gaba. Ka samu burushi mai tauri da sabulu mai cire maiƙo ka dirje gefen tayar sosai, za ka ga kumfa na fita ja-ja, ka ɗauraye ka sake har sai kumfar ta fito fara tas. Nan ne mutane ke kasala wallahi, sai su shafa mai a kan tsohon datti kwana biyu sheƙin ya tafi. Ka bari tayar ta bushe ƙarau.

Sai man taya, wato man da ake shafa mata don ta yi sheƙi. Mai kauri mai silikon shi ya fi ba da sheƙin nan kuma ya fi daɗewa, mai ruwa-ruwa bai kai shi ƙyalli ba amma bai cika kama ƙura ba. Ka zuba a soso, kar ka fesa kai tsaye don kar ya taɓa birki, ka shafa kaɗan-kaɗan ka jira kamar minti 15 sannan ka ƙara shafi na biyu. Rarar ka goge da tsumma, in ba haka ba kana fara gudu za ta fantsama jikin fenti.

Gefe kawai ake shafawa, banda inda ke taka titi, santsi zai sa. Baƙin mai kuwa don Allah kar ka kusanta, yana ɓata roba.