In za ka sayar da WRX mai matsalar inji

'Yan uwa, ga mai shirin rabuwa da motar Subaru WRX STI da aka ƙara wa ƙarfin turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji): kafin ka kira dillali, kai ta wajen bakanike ya gwada matsin kowace silinda. Injin EJ257, wanda ake samu a irin wannan mota, sananne ne da tsagewar gefen fistin, wajen da zobe ke zama, musamman in an ɗaga matsin turbo ba a daidaita kwamfutar motar ba. Alamarsa shan baƙin mai da shuɗin hayaki a salansa. Silinda ɗaya ta yi ƙasa da sauran? To ka rubuta lambobin, ka nuna wa mai saye, ka rage kuɗi daidai da gyaran. Ɓoye aibi rigima ce kawai, masu neman irin wannan mota ma sun san abin da suke dubawa.

Kuɗin da ka zuba a kayan ƙarin da ka ɗora wa motar kuwa, manta da shi, ba mai mayar maka. In kayan asali na nan a ajiye, mayar da su, ka sayar da na ƙarin daban. A takardar ciniki a rubuta aibin, da shaidu biyu.