Kurakuran masu kai ma'aunin ƙosawar ƙungiya cikin ƙauye

Makon jiya wani yaro da ya gama bautar ƙasa ya turo min takardun da zai kai wa wata ƙungiyar manoman shinkafa a wajen Auyo. Tambayoyi ne shafi shida, da Turanci, kowace da akwatin e ko a'a. Ina dubawa na ga kaina shekarun baya, don irin wannan takarda na taɓa ɗauka har ta ja min kunyar da ban manta ba.

Abin da yake son yaɗawa abu ne mai kyau, wato ma'aunin ƙosawar ƙungiya da ake kira OPM3. Cibiyar masana tafiyar da ayyuka ta Amurka, PMI, ita ce ta fitar da shi a 2003, ta sake bugu a 2008 da 2013. Ma'auni ne na yadda ƙungiya take tafiyar da ayyukanta, a fanni uku: aiki guda, kamar haƙa rijiyar burtsatse ɗaya, gungun ayyuka masu manufa ɗaya, kamar shirin ruwan sha na ƙauyuka biyar, sai jimillar duk abin da ƙungiyar ta zuba kuɗi a kai. A kowane fanni akwai hawa huɗu. A daidaita hanyar aiki, a auna ta, a riƙe linzaminta, sannan a inganta ta. A jere suke, kuma jerin nan shi ne rabin ilimin.

Kuskuren da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne auna mutum ɗaya na ce na auna ƙungiya. Wata ƙungiyar raya ƙauye ce a gabashin Jigawa, ba zan faɗi sunanta ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Dagaci, dattawa suka cika, ni kuma ina karanto tambaya ina fassarawa. Kuna rubuta kasafi kafin a fara aiki? E. Kuna ajiye rasit? E. Duk amsar daga bakin magatakarda take fitowa, wani malamin firamare mai kaifin basira, sauran suna gyaɗa kai. Na koma Dutse na rubuta rahoto mai daɗi, na ce ƙungiyar nan ta yi nisa, a ba ta kuɗin ajujuwa biyu. Kafin a ɗora rufi aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Da na dawo bayan damina, ginin yana tsaye ba kwano, ba wanda ya san nawa aka biya magini, nawa ya rage, wa ke bin bashin siminti. Rasit ɗin suna cikin ledar da malamin ya tafi da ita. Dagaci ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ai kai ka ce mun iya." Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne." Ba ni da wata amsa.

Ku ji ni da kyau, ku da kuka fito daga kwas da satifiket a hannu. Ba wanda zai ce "a'a" a gaban Dagacinsa da surukansa don baƙo ya zo da biro. Kunya ce da kara, ba ƙarya ba. Kai ne ka shirya zaman da ba zai yiwu a faɗa maka gaskiya ba. Ni yanzu ba na tambayar "kuna yi?", sai dai "nuna min". In an ce ana ajiye rasit, a ɗauko na aikin da ya wuce. Kuma ina roƙon wanda ya fi kowa iyawa ya ba ni wuri na awa guda, in zauna da ma'aji shi kaɗai, sannan da ƙaramin cikinsu, in ce ya bayyana min yadda ake fitar da kuɗi daga asusu zuwa hannun mai sayar da bulo. In bakinsu ya zo ɗaya, akwai hanya. In kowa ya ce "sai Malam ya zo", to Malam ne ya ƙosa, ƙungiya tana nan ɗanya. Wasu abokan aikina suna ganin wannan cin fuska ne ga magatakarda. Ni dai na gwammace ya ji haushina na yini ɗaya.

Na biyu, tsallake hawan farko. Kowa yana son awo, domin awo ne ke fitar da zane mai launi a kwamfuta da masu ba da tallafi ke so. Na taɓa tattara alƙaluman girbi daga rassa huɗu na wata ƙungiya a yankin Kura, na kwana biyu ina haɗa lissafi, sai daga baya na gano wani reshe buhun shanshera yake ƙirgawa, wani kuma gyararriyar shinkafa, ɗaya yana faɗin gonarsa da eka, ɗaya da hekta. Abin da na haɗa ba lissafi ba ne, kwaɗo ne. Ba a auna abin da ba a daidaita ba. Tun daga nan, a shekarar farko ba na neman komai sai hanya ɗaya a rubuce a takarda ɗaya: wa ke amincewa da sayayya, mutum nawa ke sa hannu, ina ake ajiye rasit. A manna ta a bangon ofis ko zaure, da Hausa, da ajami ma in dattawan shi suka fi karantawa. Sai an yi aiki biyu ko uku a kanta nake kawo maganar awo.

Akwai kuma masu zuwa su ce wa mutane "kuna mataki na 2 cikin 5". Matakai biyar ɗin nan na CMM ne, wanda aka tsara a jami'ar Carnegie Mellon don masu haɗa manhajar kwamfuta. In shi za ka yi amfani da shi, ka faɗa, kada ka cakuɗa shi da OPM3. Ni ma dai na daina ba da maki a bainar jama'a, don da zarar ƙauyen gaba ya ji nasu ya fi, magana ta koma gasa.

Kada ka fassara kalmar "maturity" ta Turanci, wadda ma'aunin yake aunawa, da "balaga". Wani abokina ya gaya wa dattawa masu furfura cewa ƙungiyarsu ba ta balaga ba, taron bai kai la'asar ba. Ce "ƙosawa", kamar ta dawa a gona, kowa zai gane ana jiran lokaci ne da kulawa.

Kada ka sa taro lokacin shuka ko girbi, ko ranar Alhamis ga mutanen da ke cin kasuwar Maigatari. Kada ka fara da kuɗin zama, ranar da babu shi ba za ka ga kowa ba. Ƙungiyar mata kuwa, tafi da mace ta shiga cikin gida ta tambaye su, kada ka karɓi amsarsu daga bakin mazajensu. Littafin OPM3 yana ɗauke da ɗaruruwan kyawawan hanyoyin aiki da aka rubuta da manyan kamfanoni a zuciya, ƙungiyar mutum arba'in ba ta buƙatar fiye da biyar a farko.

Yaron nan na Auyo na mayar masa da takardunsa, na ce ya rage su zuwa tambaya bakwai, ya jira a gama yankan shinkafa, kuma ranar da zai je ya fara neman ledar rasit kafin ya buɗe jakarsa.