Yadda za ka ji daɗin tuƙa keke a titin karkara

Wallahi babu abin da ya kai hawa keke da sassafe a titin da ba hayaniya, daga kai sai ƙarar sarƙa da kukan tsuntsaye, amma fa shirun nan shi ke yaudarar mutane. Kafin ka fita ka matsa tayoyi ka ji iska, siririyar taya mai milimita 25 zuwa 28 in iskarta ta yi ƙasa rami ɗaya ya isa ya yi maka faci. Ka gwada birki gaba da baya, ka sa hular kwano, ka ɗauki tiyub na sauyi da ƙaramin famfo da ruwa, don can ba lallai ka samu mai faci ko sabis na waya ba, shi ya sa gara ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi.

Kwana ita ce matsalar. Ka rage gudu tun kafin ka shiga, ba a tsakiyarta ba, ka tsaya hannunka ko da ba ka jin mota, saboda yashi da tsakuwa a gefen kwana suke taruwa, kuma dabba na iya faɗowa titi ba zato. Ka fara tafiya iska na bugun fuskarka, sai ta turo ka a dawowa lokacin da ƙafa ta gaji.